Bayan cika shekara 18: me dokoki ke tanadar wa matasan da suka tashi a riƙon hukuma?

Duk mai bibiyar labaran yaran da ke hannun hukuma zai ga lambobi suna ta karo da juna. A wannan ƙasa a ce tallafi yana yankewa a shekara 18, a waccan a ce 21, wani wurin kuma 25 ko 26. Faransa ta yi sabuwar doka a 2022. A shekarar ce Wales ta fara gwajin biyan irin waɗannan matasa kuɗi duk wata ba tare da sharaɗi ba. A Amurka kowace jiha da nata tsarin, har matashi kan rasa wani haƙƙi don kawai ya tsallaka iyaka. Duk wannan kai-komo a kan tambaya ɗaya ake yin sa: yaron da gwamnati ta ɗauke daga gidansu ta zame masa uwa da uba, yaushe za ta sake shi, kuma da me a hannunsa?

## Kalmomin da za a fara warwarewa

Riƙon da ake magana a nan na hukuma ne. Kotu ko ma'aikatar kula da yara ce ke raba yaro da iyayensa saboda cin zarafi, sakaci, rashin lafiyar iyayen, ɗauri ko mutuwa, sannan ta damƙa shi ga wani gida da ta tantance, tana biyan mariƙan kuɗin ɗawainiya. Wani lokaci mariƙan dangi ne, wani lokaci baƙi ne, wani lokaci kuma gidan yara ne mai ma'aikata masu karɓa-karɓa. Alhakin yaron a gaban doka yana wuyan hukuma. Wannan ya sha bamban da mayar da yaro ɗa na dindindin, inda kotu ke miƙa matsayin iyaye baki ɗaya ga wasu. Sashe na 20 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya jero waɗannan hanyoyi, har da kafala ta shari'ar Musulunci, a matsayin kulawar da ƙasa ta wajaba ta samar wa yaron da ya rasa inuwar gidansu.

Yawancin yaran riƙo ba sa daɗewa. Wasu su koma wurin iyayensu, wasu dangi su karɓe su. Waɗanda wannan sharhi ya shafa su ne ragowar, waɗanda ba a samar musu gida na dindindin ba har ranar da doka ta ce sun girma. Shekaru ne suka fitar da su. A Amurka kaɗai, kimanin matasa 15,000 zuwa 20,000 ke fita ta wannan ƙofa duk shekara.

Akwai kuma abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Tsawaita riƙo yana nufin matashi ya ci gaba da zama ƙarƙashin kulawar, da wurin kwana da kuɗin ciyarwa, bayan ya wuce 18. Tallafin bayan fita kuwa shawara ce, ko ɗan kuɗin karatu, ko wani jami'i da za a iya kira, alhali matashin ya riga ya bar gidan. Idan aka ji wata ƙasa tana tallafa wa matasa "har zuwa 25", sai a duba wanne daga cikin biyun take nufi. Galibi na biyun ne, kuma shi ne mai araha.

## Daga ina matsalar ta taso

An gina dokokin kare yara ne a kan ma'anar "yaro", wato wanda bai kai 18 ba. Kasafin kuɗin ma haka yake tafiya. Ranar da yaro ya cika 18, hurumin kotun yara ya ƙare, kuɗin da ake ba mariƙa ya tsaya, gadonsa kuma ana jiran a ba wani. A da, lokacin da saurayi zai iya barin makaranta ya shiga masana'anta ya kama ɗaki da albashinsa na farko, giɓin bai fito fili sosai ba. Yanzu zamani ya sauya. A ƙasashen Tarayyar Turai, matsakaicin shekarun da matashi ke barin gidan iyayensa ya kai kusan 26. Su ma da suka fita, da yawa suna komawa idan aiki ya kuɓuce ko haya ta gagara. Ɗan riƙo kuwa ana buƙatar ya yi wannan tsalle shekara takwas kafin tsaransa, sau ɗaya, babu komawa.

A duba abin a kusa. Yarinya ce da aka sauya wa gida sau shida tun tana shekara 11, kowace ƙaura da sabuwar makaranta, har ta rasa inda takardun sakamakonta suka maƙale. Ta cika 18 a tsakiyar zangon karatu. Ta sami ɗakin haya da za ta iya biya, sai mai gida ya ce ta kawo wanda zai tsaya mata, babba mai albashi da zai sa hannu cewa idan ta gaza shi zai biya. Ba ta da shi. Idan ta yi sa'a ta shiga jami'a, lokacin hutu ana rufe ɗakunan kwanan ɗalibai, kowa ya nufi gida. A Birtaniya da Amurka, tsoffin 'yan riƙo sun sha ba da labarin yadda ake zuba musu kayansu a baƙar ledar shara duk sanda za a sauya musu gida, har ƙungiyoyi suka riƙa kamfe na musamman don a daina, a sayo akwati. Akwati ba shi da tsada, amma sai da aka yi kamfe kafin a tuna da shi.

## Abin da bincike ya nuna

Binciken da aka fi kafa hujja da shi shi ne wanda Mark Courtney da abokan aikinsa na cibiyar Chapin Hall a Jami'ar Shikago suka fara a 2002. Sun bi matasa 732 daga jihohin Illinois, Iowa da Wisconsin tun suna 17 har suka kai 26. Fiye da kashi ɗaya cikin uku sun taɓa rasa matsuguni aƙalla sau ɗaya kafin su kai 26. Waɗanda suka sami takardar kammala kwaleji ko jami'a ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Abin da ya ba binciken ƙarfi shi ne bambancin jihohin. A lokacin, Illinois tana barin matasa su zauna a riƙo har 21, sauran biyun kuwa galibi suna sallama a 18. Matasan Illinois sun fi shiga kwaleji nesa ba kusa ba, kuma sun fi jinkirta haihuwar fari. Wani lissafi da masu binciken suka yi a 2009 ya ƙiyasta cewa kowace dala ɗaya da aka kashe wajen tsawaita riƙo tana dawo da kusan dala biyu, ta hanyar ƙarin abin da matasan za su samu a rayuwarsu. Sai dai akwai ɓangaren da masu fafutuka ba su cika ambata ba. Da matasan suka kai 23 zuwa 24, tazarar rashin matsuguni tsakanin jihohin ta tsuke, kuma shiga kwaleji bai zama kammala ta ba. Tsawaitawar ta jinkirta wasu matsalolin ne, ba ta kau da su ba. Binciken da Courtney ya jagoranta daga baya a Kalifoniya, bayan jihar ta fara nata tsarin har 21 a Janairun 2012, ya nuna cewa kowace ƙarin shekara a riƙo tana tafiya da raguwar rashin matsuguni da ƙarin shiga makaranta.

A Ingila, alƙaluman ma'aikatar ilimi sun daɗe suna nuna cewa kusan huɗu cikin goma na waɗanda suka fita riƙo masu shekara 19 zuwa 21 ba sa karatu, ba sa aiki, ba sa koyon sana'a. Wannan ya ninka na sauran tsaransu kusan sau uku. Amma a yi hattara da karanta irin wannan adadi. Yaran sun shigo riƙo ne ɗauke da raunin abin da ya faru a gida, don haka ba duka giɓin za a ɗora wa tsarin ba.

## Yadda dokoki suka yi ta sauyawa

A Amurka, dokar 1999 da aka sa wa sunan Sanata John Chafee ta ninka kuɗin shirya matasa zaman kansu daga dala miliyan 70 zuwa 140 a shekara. Daga baya aka ƙara tallafin karatu da ya kai dala 5,000 a shekara ga kowane matashi. Babban sauyin ya zo a dokar 2008, wadda ta ba jihohi damar tsawaita riƙo har 21 tare da gudummawar gwamnatin tarayya. Dama ce, ba tilas ba. Kuma akwai sharuɗɗa: matashi ya kasance yana karatu, ko yana aikin aƙalla awa 80 a wata, ko yana wani shirin neman aiki, ko yana da larurar da ta hana shi duk waɗannan. Dokar ta kuma wajabta rubuta tsarin fita a cikin kwana 90 na ƙarshe. Wata dokar ta 2014 ta ce kada a sallami matashi sai an miƙa masa takardar haihuwarsa, katin lambarsa ta asusun tsaron rayuwa (asusun fansho da tallafi na gwamnatin tarayya), bayanan lafiyarsa da katin shaida. Daga 2014 ɗin ne kuma waɗanda suka cika 18 a riƙo suka sami inshorar lafiya ta gwamnati, wato Medicaid, har 26, daidai da shekarun da sauran matasa ke iya zama a inshorar iyayensu. A 2019 ma'aikatar gidaje ta fito da tallafin haya na wata 36, bayan matsin lambar tsoffin 'yan riƙo, musamman na jihar Ohio.

A Ingila, dokar 2000 ce ta kawo mai ba da shawara na musamman ga kowane matashi da kuma rubutaccen tsarin makomarsa. A 2014 aka shigar da tsarin Staying Put, wanda ke ba matashi damar ci gaba da zama da mariƙansa har 21 idan duka ɓangarorin sun amince. Dokar 2017 ta tsawaita haƙƙin samun mai ba da shawara har 25, ta kuma tilasta wa kowace ƙaramar hukuma wallafa abin da take tanadar wa matasan. Kuɗin kayan ɗaki na farko da ake so a ba su ya tashi daga fam 2,000 zuwa 3,000 a 2023.

Sikotland ta ɗan fi nisa: dokarta ta 2014 ta ba da zama har 21, har ga waɗanda ke gidajen yara, da tallafin bayan fita har 26. Niu Zilan ta ɗauki zama har 21 da tallafin bayan fita har 25 tun Yulin 2019. Dokar Faransa ta Fabrairun 2022 ta mayar da tallafi har 21 wajibi a kan hukumomin yankuna ga matasan da ba su da abin dogaro, alhali a da ganin dama ne. A Afirka ta Kudu, dokar yara ta 2005 ta yarda a tsawaita har 21 ga wanda ke karatu, idan ya nema. A matakin duniya, ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 sun ce a fara shirin fita tun da wuri, tare da yaron, kuma a ware masa wani mutum takamaimai. Ƙa'idojin shawara ne, ba sa ɗaure kowa.

## Inda gizo ke saƙar

Da wuya a sami ɗan siyasar da zai fito ya ce a watsar da waɗannan matasa. Ja-in-jar tana kan yadda za a yi ne.

Na farko, sharuɗɗa. Masu goyon bayansu suna cewa kuɗin jama'a ne, kuma ɗaure tallafi da karatu ko aiki yana hana matashi zaman kashe wando a shekarun da ya fi buƙatar gina kansa. Masu suka kuma suna cewa sharaɗin yana tace mutane ta baibai. Wanda ya natsu, yake da makaranta, shi ne zai cika shi. Wanda ke fama da shaye-shaye, ko taɓin hankali, ko ya fito daga gidan kaso, wato wanda ya fi kowa buƙata, shi ne za a fara sallama. Suna kuma tambaya: iyaye nawa ne ke korar ɗansu don ya faɗi jarrabawa? Wasu jihohin Amurka sun ɗauki hanyar tsakiya, sun bar ƙofa a buɗe ta yadda wanda ya fita a 18 cikin zafin kai zai iya dawowa kafin 21. Wannan yana da muhimmanci, don matasa da dama da suka gaji da jami'ai da tarurruka a kan rayuwarsu suna tafiya ranar farko da doka ta ba su dama, sai bayan wata shida su ga uwar bari.

Na biyu, kuɗi a hannu ko hidima. Gwajin Wales shi ne zakaran gwajin dafi a nan. Matasan da suka cika 18 tsakanin Yulin 2022 da Yunin 2023 sun riƙa karɓar fam 1,600 a wata kafin haraji, tsawon shekara biyu. Fiye da 600 suka shiga. Magoya baya sun ce ba wa mutum amana da kuɗi yana ba shi damar zaɓen karatu maimakon aikin farko da ya samu. 'Yan adawa sun soki tsadar, wasu ma'aikatan kula da yara kuma sun nuna fargabar cewa masu cin zali za su kewaye matashin da aka san yana karɓar irin wannan kuɗi, da kuma abin da zai faru wata na 25. Gwamnatin Wales ba ta tsawaita shirin bayan wa'adinsa ba.

Na uku, ko tsawaitawa ɗaurin talala ne kawai. Akwai masana da ke ganin duk wannan ihu ne bayan hari. A wurinsu, matashin da ya kai 18 ba tare da gida na dindindin ba shaida ne cewa tsarin ya riga ya gaza, don haka gara a zuba kuɗin wajen hana raba yara da iyayensu tun farko da nemo dangin da za su karɓe su. Dokar Amurka ta 2018 ta karkata wannan hanya. Ɗaya ɓangaren bai musa ba, amma yana cewa riga-kafi ba zai ciyar da wanda zai cika 18 a wata mai zuwa ba.

Na huɗu, wariya. Rahoton da Josh MacAlister, wanda ya jagoranci bitar tsarin kula da yara, ya miƙa wa gwamnatin Ingila a Mayun 2022 ya ba da shawarar a sa tashi a riƙo cikin abubuwan da doka ta hana a nuna wa mutum bambanci a kansu, kamar jinsi da naƙasa. Gwamnatin lokacin ba ta ɗauka ba, ko da yake ƙananan hukumomi da dama sun amince da hakan a kan kansu. Su kansu tsoffin 'yan riƙo kansu ya rabu. Wasu na ganin kariya ce, wasu na ganin tambari ne da zai bi su har tsufa.

## Kuɗin yaron da hukuma ke ci

Wani batu da ya daɗe a ɓoye shi ne na kuɗin yaran kansu. A Amurka, yaron da mahaifinsa ya rasu, ko wanda ke da naƙasa, yana da haƙƙin wasu kuɗaɗe duk wata daga asusun tsaron rayuwa. Hukumomin riƙo a jihohi da yawa suna nema a naɗa su masu karɓa a madadin yaron, sannan su biya kansu kuɗin riƙonsa da su. Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cewa hakan bai saɓa wa dokar tarayya ba. Binciken da gidan rediyon NPR da kafar labarai ta The Marshall Project suka fitar a 2021 ya nuna cewa al'adar ta yaɗu kusan ko'ina, kuma yara da yawa ba su ma san ana yi ba. Hukumomin suna kare kansu da cewa a kan yaron ake kashe kuɗin. Masu suka suna cewa sauran yaran riƙo ba sa biyan komai, don haka maraya da naƙasasshe ne kaɗai ke biyan riƙon kansu. Arizona ta haramta abin a 2023, ta ce a ajiye wa yaron kuɗinsa, wasu jihohin kuma suka bi sahu.

## Abin da wannan ke nufi ga mutane

Ga matashi, kalma mafi nauyi a kowace irin wannan doka ita ce ko an ce hukuma "za ta" yi ko "tana iya" yi. Ta farko haƙƙi ce da za a iya kai ƙara a kanta, ta biyu alfarma ce da ke ɓacewa idan kasafi ya tsuke. Shi ya sa matasa biyu masu tarihi iri ɗaya kan sami makoma daban don kawai ɗaya yana wannan jiha ɗaya yana waccan. Inshorar lafiyar Amurka misali ce: shekaru da dama wanda ya koma wata jiha yana iya rasa ta, sai da aka gyara dokar, kuma gyaran ya shafi waɗanda suka cika 18 ne daga 1 ga Janairun 2023.

Ga mariƙa, lissafi ne na gida. A Ingila babu mafi ƙarancin kuɗi na ƙasa da aka wajabta biya bayan yaro ya wuce 18, kuma abin da ake bayarwa yakan ragu. Matar da riƙo ne sana'arta, ɗaki ɗaya gare ta, tana tsakanin ci gaba da zama da yarinyar da ta raina shekara bakwai da karɓar sabon yaro da cikakken kuɗinsa. Ga hukuma kuma kowane gado da matashi mai shekara 19 ya riƙe gado ne da ƙaramin yaro ya rasa, a lokacin da mariƙa ke ƙaranci.

Ga mai biyan haraji, kuɗin tsawaitawa yana fita ne yau daga aljihun ma'aikatar yara, ribar kuwa tana bayyana bayan shekaru a ma'aikatun gidaje, lafiya da gidajen yari. Wanda ya biya ba shi ne ke ganin rarar ba, kuma wannan na cikin dalilan da suke sa dokokin ke tafiyar hawainiya. Masu fafutuka sun koyi kawo matasan da kansu gaban majalisa maimakon takardu kawai. Bitar tsarin riƙon yara da Sikotland ta fitar a Fabrairun 2020 ta saurari mutane fiye da 5,500, fiye da rabinsu yara da manya da suka taɓa zama a riƙo, kuma gwamnati ta ɗauki alkawarin aiwatar da shawarwarinta nan da 2030.